Sashen tiyatar bankiriyas na wani asibitin kuɗi a Jidda: likitan ya iya aikinsa, ofishin ta'amin (inshorar lafiya) kuwa sai haƙuri

Masu ta kirana a kan asibitin da aka yi wa Baffa aiki a Jidda, gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta don wallahi na gaji da maimaita magana ɗaya kullum bayan isha'i. Ba zan kama sunan asibitin ba kuma ba zan kama sunan likitan ba, tunda akwai yabo akwai ƙorafi a ciki, asibitin kuɗi ne dai babba a arewacin Jidda wanda yake da sashe na musamman na tiyatar hanta da madaciya da bankiriyas. In a taƙaice kuke so: ɗakin tiyata da likitan da mutanensa na ba su maki cikakke, wajen istiƙbal (teburin karɓar baƙi) da ta'amin da kuma maganar abincin mara lafiya kuwa da sauran gyara sosai.

Baffa tela ne a wajen Shara Mansur a nan Makka, duk wanda ya san unguwar ya san irin zaman da teloli suke yi tun daga Rajab har a gama aikin hajji, ba ci kan lokaci ba barci. Shi ya sa da ya fara ramewa ba wanda ya ɗauka da zafi. Sai suga ta bayyana masa alhali duk gidanmu ba mai ita, sai ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, bahaya ya koma fari-fari, ga ƙaiƙayi da yake hana shi barci har yana sosa jikinsa da murfin kwalba. Kowa ya ce shawara ce. Gwaggo ta sa aka kawo saiwar rawaya daga Kano ta hannun wasu masu umara, aka haɗa da zuma da habbatus sauda ana ta ɗirka masa. Mustausaf ɗin unguwa, wato ƙaramin asibiti, ne suka yi tahlil (gwaji) suka ce wannan ba shawarar da kuka sani ba ce, wani abu ne ya toshe hanyar ruwan madaciya, ku nemi babban asibiti yau ba gobe ba.

Don wanda bai taɓa jin labarinta ba, bankiriyas wata tsoka ce doguwa da take kwance can bayan tumbi kusa da ƙashin baya, aikinta biyu, tana fitar da ruwan da yake narkar da mai da nama da tsaba a cikin hanji, kuma ita ce take yin insulin mai daidaita suga a jini. Bututun da yake ɗauko ruwan madaciya daga hanta ta cikin kan bankiriyas ɗin yake ratsawa kafin ya shiga hanji, to in ƙari ya fito a kan nata sai ya matse bututun, ruwan ya koma jini, ido ya yi rawaya. Likitan ya ce mana wannan rawayar da ta tsorata mu ita ce rahamar da Allah ya yi wa Baffa, saboda ƙarin da ya fito a jikinta ko a wutsiyarta shiru yake yi har sai ya bazu, kuma a cikin mutum biyar da aka gano musu kansar bankiriyas da ƙyar ake samun ɗaya da za a iya yi wa tiyata a lokacin da aka gano.

To mau'idin farko, wato ranar da aka fara ba mu ta ganin likitan. Nan na fara ganin bambancin mutumin. Bai fara da rubuta magani ba, ya juyo mana da allon kwamfuta ya buɗe hoton siti sikan yana bi da mu yanki-yanki, ga hanta, ga madaciya ta kumbura, ga ƙarin, ga kuma manyan jijiyoyin jini guda biyu da suke wucewa ta bayan wuyan bankiriyas ɗin, ya ce duk maganar a nan take, in ƙarin ya naɗe jijiyar nan ba na fara yanka sai an yi kimawi (maganin kashe ƙwayoyin kansa) tukuna, in kuma akwai tazara tsakaninsu to muna da hanya. Ta Baffa akwai tazara. Larabcin Baffa na kasuwa ne, ya iya ciniki da alhazai amma ba na asibiti ba, don haka ni nake fassara, kuma abin da ya burge ni likitan Baffa yake kallo in yana magana ba ni ba, yana ce masa "ya Hajji" yana jira in gama fassarawa kafin ya ci gaba. Wanda ya saba raka tsofaffinmu asibiti a ƙasar nan ya san ba kullum ake samun haka ba, wasu sai ka ga kamar da kujera suke magana.

Ya kuma ja mana kunne kan gwajin jinin nan CA 19-9 da kowa yake riƙe wa kamar shi ne hukunci. Na Baffa ya hau sosai, Gwaggo da ta ji lambar har ta fara kuka, sai ya ce toshewar madaciya kaɗai ma tana ɗaga shi, kuma akwai mutanen da jikinsu sam ba ya yin sa ko da suna da ciwon, saboda haka ba a yanke hukunci da shi shi kaɗai. Da yake rawayar ta yi yawa aka fara zura masa na'ura ta baki har hanji aka sa ɗan bututu ya buɗe hanyar, ƙaiƙayin ya lafa, ya fara cin abinci. Daga nan suka kai fayil ɗinsa zaman da suke yi duk sati, shi da likitan ciwon daji da na hoto da na duba tsoka, suka haɗu a kan a yi aikin.

Aikin sunansa Whipple, sunan wani likitan tiyata na Niyok a Amurka, Allen Whipple, wanda ya bayyana yadda yake yin sa a 1935, duk da dai wani Bajamushe Walther Kausch ya riga shi yi a Balin tun 1909. Ana cire kan bankiriyas da farkon ƙaramin hanji da madaciya da ƙarshen bututun madaciya, wani lokaci har da ɗan gefen tumbi, sannan a jawo hanji a sake haɗa komai a wuri uku. Da na fassara wa Baffa sai ya yi shiru can ya ce "to ɗinki uku ke nan, wanne ne yake warwarewa?" Likitan ya yi dariya sosai ya ce tambayar da ya shafe shekaru yana bincike a kanta ke nan. Ya ce ɗinkin tumbi da na bututun madaciya ba su cika ba da matsala ba, na bankiriyas ne fitinanne, don in tsokar ta yi tauri kamar shadda allura tana kama ta, in kuma laushi gare ta kamar siliki mai santsi zare yana iya yaga ta, ruwanta ya tsiyayo cikin ciki, kuma ruwan nan fa aikinsa narkar da nama ne. Baffa ya gane nan take, ya fi ni ganewa ma.

A nan nake so in daɗe, don shi ne dalilin da ya sa na ce a je wajensa. Mutumin nan ba yanka kawai yake yi ya tafi gida ba. Ya yi karatun ƙwarewarsa a Kanada kamar likitocin Saudiyya da yawa, ya dawo yana aiki yana kuma rubuta duk wanda ya yi wa aikin nan a rajista, shekarunsa, taurin tsokar, faɗin bututun bankiriyas ɗin, jinin da ya zuba, wanda ɗinkinsa ya tsiyaya da wanda bai tsiyaya ba, wanda ya koma asibiti bayan sallama, har wanda ya rasu. Yana da nas guda wadda aikinta ke nan kawai, ita ta zo da takarda ta nemi izinin a sa bayanan Baffa a binciken ba tare da sunansa ba, a kuma ajiye ɗan yankin tsokar da za a cire, ta ce in mun ƙi ba abin da zai canza a kulawarsa. Baffa ya ce a sa, in zai amfani wani bayansa sadaka ce.

Amfanin wannan a wajenmu mu marasa ilmin abin shi ne da na tambaye shi sau nawa yake yin aikin nan a shekara da kuma mutum nawa suka samu matsala a hannunsa, bai ɓata rai ba, bai ce min "tawakkal alallah" ya rufe bakina ba, ya buɗe rajistar ya faɗa min lambobinsa na bara da na bana, masu daɗi da marasa daɗi. Kuma shi da kansa ya ce ko ba wajensa za mu yi ba, duk likitan da za mu je mu yi masa wannan tambayar. Ya ba ni tarihin abin a tsaye muna bakin ƙofa: Whipple kansa sau 37 kacal ya yi aikin duk rayuwarsa, a shekarun 1960 da 1970 kusan mutum ɗaya cikin huɗu yake mutuwa a dalilin aikin har wasu manyan likitoci suka ce a daina yin sa gaba ɗaya, sai wurare irin su asibitin Johns Hopkins suka mai da shi aikin yau da kullum, John Cameron na can shi kaɗai ya yi sama da 2,000, mutuwar ta sauko ƙasa da kashi 5 cikin ɗari. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya nuna asibitocin da suke yin tiyatar bankiriyas jefi-jefi suna rasa wajen kashi 16, masu yin ta a kai a kai kuwa wajen kashi 4. Aiki ɗaya ne fa, hannu da sabo ne suka bambanta, da kuma nas-nas ɗin da suka san alamar matsala tun kafin ta girma.

Ni dai ra'ayina, mu Hausawan nan muna da wata kunya da ba ta da amfani a gaban likita, sai mu ga kamar rashin ladabi ne ka tambaye shi ƙwarewarsa, amma mutumin da zai sayi tsohuwar mota a haraj (kasuwar gwanjo) sai ya kai ta an duba ta ciki da waje. A wannan aikin kam a tambaya.

Yanzu ƙorafi. Ta'amin ɗin Baffa ajin ƙasa ne, irin wanda kafili (ubangidan da ya tsaya masa) yake yanka wa ma'aikaci don dai a sabunta iƙama (takardar izinin zama), kuma ofishin muwafaƙa na asibitin nan, mai nemo amincewar kamfanin ta'amin, ya wahalar da mu ba kaɗan ba. Kowane abu sai an tura an jira, hoto daban, na'urar baki daban, kwanciya daban, kuma in kamfanin ta'amin ya dawo da takarda yana neman ƙarin bayani ba wanda zai kira ka ya faɗa maka, sai ka zo da kanka daga Makka ka ja lamba ka zauna sannan wani saurayi ya ɗago kai daga wayarsa ya ce "taht al-ijra'" (ana kan aiki a kai) kawai. Har ranar da aka sa za a yi aikin sai da aka ɗaga saboda takarda ɗaya da ta kwana a tebur ɗin wani, mutum yana azumin tiyata tun dare. Sai da likitan ya sauko da kansa ya yi magana kafin abin ya motsa, kuma ai ba aikinsa ba ne. Wani kaso na kuɗin ta'amin bai ɗauka ba, dangi da abokan sana'ar Baffa na kasuwa suka yi karo-karo, Allah ya saka musu. Shawarata tun ranar farko ku nemi a rubuta muku kiyasin kuɗin gaba ɗaya har da na inaya murakkaza (sashen kulawa ta musamman) da na kwanakin da za a iya ƙarawa in an samu matsala, ku kira kamfanin ta'amin da kanku ku ji iyakar katinku, kar ku dogara da "ma fi mushkila" (ba matsala) ɗin wajen istiƙbal.

Wanda ba shi da iƙama mai rai kuwa, wannan wata magana ce daban mai nauyi, kuɗi ne tsaba daga farko har ƙarshe.

Aikin ya ɗauki kusan yini guda, an shiga da shi da hantsi ba a fito ba sai bayan la'asar, kuma abin da na yaba, nas tana fitowa lokaci-lokaci ta ce an gama cirewa, yanzu ana haɗawa. Ya farfaɗo a inaya da bututu a hanci da wasu robobi biyu a gefen ciki suna zubo ruwa cikin 'yan jakunkuna. Washegari suka tashe shi zaune, har suka sa shi taka ƙasa yana ta faɗa yana cewa so suke su kashe shi, Gwaggo ma ta goyi bayansa, amma suka ce kwanciya ita take kawo daskarewar jini a ƙafa da ciwon huhu. Ranar kwana uku aka ɗebi ruwan robar aka auna wani sinadari amilas, ƙa'idar da likitocin duniya suka tsayar tun 2005 ita ce in ya ninka na jini fiye da sau uku daga wannan ranar to ɗinkin yana tsiyaya. Na Baffa ya ɗan hau. Ina tsaye likitan ya ɗaga jakar sama wajen haske yana kallon kalar ruwan, ya matsa cikin Baffa a hankali, ya duba zafin jiki, ya ce tsiyaya ce ƙarama za mu bar roba ɗaya ta ƙara kwanaki, ba za a sake buɗe shi ba. Haka kuwa aka yi ta tsaya da kanta. Abin da ya fi damun Baffa ma tumbin ne da ya yi kasala ya ƙi tura abinci, ya ci cokali biyu ya ji kamar ya cinye tire, wannan ma sun ce sananne ne bayan aikin kuma ya wuce a hankali.

Nas-nas ɗin yawanci 'yan Filifin ne da Indiya, na rana ba su da laifi ko kaɗan, na dare ne in ka danna ƙararrawa sai ka yi ta jira. Murafiƙi (mai jinya) ɗaya kawai ake bari ya kwana kuma kujerar da ake ba shi ba ta miƙewa sosai, ku zo da bargo don sanyin mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) ɗin ba na wasa ba ne. Masu ziyara kuma kun san mu, mota biyu daga Makka da kuloli, masu gadi sun yi ta fama da mu, a nan kam su ne da gaskiya.

Sai maganar abinci, inda suka ba ni haushi na biyu. Mai ba da shawarar abinci ta kawo takarda da aka buga tun tuni, shorba, zabadi, burodin tost, dafaffen kaza, ta ce a guji kabsa da mandi mai maiƙo, shi ke nan. Na ce mata mutumin nan tuwo yake ci da kunu da fura, ta ce ba ta san su ba kuma ba ta tambayi mene ne a cikinsu ba. A garin da Hausawa suka fi shekara ɗari suna zaune a ciki! Mu muka zauna da likitan na lissafa masa kayan kowanne, ya ce ƙa'idar ita ce kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana, mai kaɗan, nama ko kifi ko ƙwai a kowane ci, a kula da suga. Sai muka tsara kunun tsamiya ba sukari sosai, tuwo mai laushi da miyar kuka ba man shanu, farfesun kaza an kwashe man sama, kunun gyaɗa da masa da soyayyen nama aka ɗage su tukuna.

Akwai kuma wani abu da nake so kowa ya sani tun kafin ya je sidaliyya (shagon magani). Bayan aikin nan mutane da yawa sai sun riƙa haɗiyar ƙwayoyin narkar da abinci tare da kowane ci, wanda aka fi sani shi ne Creon, in ba haka ba mai ba ya narkewa, bahaya ya yi maiƙo da wari, mutum ya yi ta ramewa. To daga bankiriyas ɗin alade ake yin sa. Likitan bai ɓoye ba, shi ya fara faɗa kafin mu karanta a takardar cikin kwali, ya ce babu wani madadinsa da yake aiki kamarsa, ku tambayi malamin da kuka yarda da shi. Baffa ya ƙi sha da farko, sai da malaminsu na masallacin unguwa ya zo ya yi masa bayanin larura sannan ya karɓa. Da a ce ɓoye mana aka yi muka gano daga baya, na san Baffa, da ya watsar da maganin da likitan gaba ɗaya. Kuma a sha shi da lomar farko, ba bayan an gama ci an wanke hannu ba.

Sakamakon tsokar ya fito an cire ƙarin da gefensa tsaf amma an samu ciwon a wasu 'yan ƙulluttan da ke kusa, don haka sai kimawi. A nan ma bai yi mana daɗin baki ba, ya ce ciwon nan yana da halin dawowa ko an cire shi, tiyata rabin magani ce. Likitan ciwon daji ya sa shi a haɗin da ake kira FOLFIRINOX wanda aka ɗan sassauta, zagaye 12 duk sati biyu, wata shida ke nan, ya ce binciken Faransa da Kanada da aka buga a 2018 ya nuna waɗanda aka ba wannan haɗin bayan tiyata rabinsu sun kai wata 54 a raye, waɗanda aka ba tsohon maganin gemcitabine shi kaɗai wata 35. Yana da wahala, ana dawowa gida da ɗan famfo a rataye kusan kwana biyu yana ɗiga magani, kuma ɗaya daga cikin magungunan yana sa sanyi ya zama abokin gaba, in ya taɓa ƙofar firji yatsunsa su yi ta tsira, ruwan sanyi kuwa ya shaƙe masa maƙogwaro, yanzu in mun shiga Harami sai mun nemo masa tulun zamzam ɗin da aka rubuta ba mai sanyi ba. Azumin bana sun hana shi, ya ciyar.

Wajen zirga-zirga mu jirgin ƙasan Haramain muke hawa daga tashar Rusaifa in ba ranar kimawi ba ce, ranar kimawi kuwa mota ta fi don ya samu ya kwanta a baya, sai dai wajen ajiye motar asibitin yana cika tun da safe kuma na kuɗi ne. Mau'idin likitan tiyatar a nemi na farkon safiya, in ya shiga ɗakin aiki masu jiran yamma sai abin da Allah ya yi. Ku riƙe faifan hotunanku na asali ba rahoton takarda kawai ba, don shi hoton yake dubawa da idonsa, in babu faifan sai an sake yin hoton an sake jiran muwafaƙa. Lambar WhatsApp ɗin nas ɗin sashen tana amsawa da wuri ranakun aiki, Juma'a da Asabar kuwa ba kowa, in zazzaɓi ya taso ko amai ya ƙi tsayawa kar ku tsaya tura saƙo, ku wuce ɗawari (sashen gaggawa) kai tsaye ku ce musu an yi masa Whipple kuma yana kan kimawi.